Motar Kamfani A Kaduna: Mai Fetur Mai Zafin Gudu, Ko Ta Alfarma Mai Dizal?

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wata tambaya da a da ba ta ma tasowa ta fara yawo a ofisoshin Kaduna. Idan kamfani ya ware wa babban ma'aikaci kuɗin mota ya ce ya zaɓa, wacce zai ɗauka? Matsakaiciya mai fetur mai zafin gudu irin su BMW 330i da Golf GTI, ko babba ta alfarma mai shan dizal irin su Mercedes E220d da BMW 520d? Masu ra'ayin dizal hujjarsu ɗaya ce, ba ta shan mai. Masu son fetur kuma su ce ai ko yaron gareji a Panteka ya san cikinta. Kowanne ya faɗi gaskiya, amma rabinta. Matsalar ita ce yawancin abin da ake karantawa a intanet kan wannan muhawara daga Turai ya fito, kuma an gina shi kan harajinsu da mansu da titunansu.

Wa ke da motar, wa ke biya?

Kafin a shiga maganar inji, a fara sanin wace irin motar kamfani ake nufi, domin iri uku ne. Akwai ta haɗaka, wadda ke ajiye a harabar ofis da direbanta, duk mai aiki ya hau. Akwai wadda ake damƙa wa mutum ɗaya saboda muƙaminsa, ya tafi gida da ita, amma takardunta da sunan kamfani. Sai wadda kamfani ke ba da rance ko alawus, ma'aikaci ya saya da sunansa. Ta biyun ce ake wannan gardama a kanta.

A nan ne ra'ayi ke rabuwa tun kafin a je wurin dillali. Idan kamfani ne ke zuba mai ba iyaka, ma'aikaci bai damu da shan mai ba, akanta ne ya damu. Idan lita ƙayyadadda ake bayarwa duk wata, ko kuɗi tsaba, ragowar daga aljihun ma'aikaci za ta fito. Haka gyara. Kamfanoni da dama suna barin mota shekara huɗu ko biyar, sannan su ba wanda ke riƙe da ita damar saye da rangwame. Wanda ke sa ran gadon motar ya tuna cewa ranar da takardu suka koma sunansa, nozul ɗin fesa mai da kamfani ke biya jiya ya zama nasa.

Daga ina muhawarar ta taso?

A Birtaniya, tun shekarar 2002 ake lissafa harajin motar kamfani da abu biyu: farashinta, da yawan iskar kabon da take fitarwa a kowace kilomita. Da yake injin dizal ya fi ƙarancin wannan iska a kilomita, sai manajoji suka ga babbar mota mai dizal tana iya zuwa da harajin da bai wuce na ƙaramar mai fetur mai ƙarfi ba. Shi ya sa zaɓin ya zama "gudu ko alfarma". Bayan da aka kama Volkswagen a 2015 da saka manhajar yaudarar gwajin hayaƙi a motoci kimanin miliyan 11, sai farin jinin dizal ya faɗi, har Birtaniya ta ƙara wa yawancin masu dizal haraji a Afrilun 2018.

Mu kuwa tarihinmu akasin haka ne. Gwamnati ta daɗe da sakin farashin dizal, wanda a tasha ake ce wa gas, alhali a lokacin tana tallafa wa fetur. A farkon 2023 litar fetur a hukumance ba ta kai naira 200 ba, ta dizal kuwa ta haura 800. Da wannan tazara babu mai hankalin da zai sayi ƙaramar mota mai dizal. Shi ya sa har Hilux da Prado da Hiace, waɗanda a ƙasashe da yawa da dizal aka san su, a nan masu fetur suka cika titi. Kanikawan Kaduna ma a kan fetur suka tashi, tun daga motocin Fijo da aka fara harhaɗawa a Kakuri a 1975. Masanan dizal ɗinmu na tirela ne da tarakta da janareta, kuma wannan fage ne daban da injin Mercedes na zamani.

Abin da ya sauya shi ne tazarar farashi ta ragu sosai bayan cire tallafi, sannan matatar Ɗangote ta fara sayar da dizal a farkon 2024, fetur kuma a Satumbar shekarar. Tambayar ta halatta ke nan. Amsar ce ba ta zama ta Turai ba.

Bambancin injinan, da wata tsohuwar magana da ta daina aiki

Injin fetur yana haɗa iska da mai, ya matse su kamar sau 9 zuwa 11, fulogi ya kunna. Na dizal ba shi da fulogin tartsatsi. Iska zalla yake matsewa kamar sau 15 zuwa 18 har ta yi zafin da mai zai kama da kansa da zarar an fesa. Wannan matsi mai yawa, haɗe da cewa litar dizal ta fi ta fetur ƙarfi da kashi goma da 'yan kai cikin ɗari, shi ke sa mai dizal ta rage shan mai da kusan kashi ɗaya bisa huɗu, wani lokaci har kusan ɗaya bisa uku a doguwar tafiya.

Ana yawan cewa dizal ta fi ja. A da haka ne. Amma a duba waɗannan biyun: BMW 330i ƙirar 2019 tana da ƙarfin doki 258 da ƙarfin murɗawa, wato ja, Nm 400. Mercedes E220d ƙirar 2016 tana da doki 194, ƙarfin murɗawarta kuma Nm 400 ɗin dai. Turbo ya goge wancan bambanci. Abin da ya rage shi ne tashi: ta farko tana kai gudun kilomita 100 daga tsaye cikin daƙiƙa 5.8, ta biyu cikin 7.3. Daƙiƙa ɗaya da rabi ke nan. Dokar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kuwa ta tsaida ƙananan motoci a kan kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Duk motocin nan biyu sun ninka wannan iyaka. Inda ƙarfin zai yi amfani na gaske shi ne wuce tirela a hanya mai hannu ɗaya, kamar ta Kachia zuwa Kafanchan, kuma a can kowacce ta wadatar.

Lissafin mai: a yi shi da alƙalami

Kada a yarda da adadin da ke cikin takardar talla. A auna da kai: a cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a mayar da ma'aunin tafiya sifiri, a yi zirga-zirgar da aka saba, a koma famfon nan a sake cikawa. A raba litar da ta shiga da kilomitar da aka yi, a ninka da 100. A maimaita sau uku, da na'urar sanyi a kunne, tunda ba wanda ke kashe ta a watan Afrilu.

Mu ɗauki misali kawai, ba farashin yau ba, domin farashi ba ya zama wuri ɗaya. A ce mai fetur tana shan lita 10 a kilomita 100, mai dizal tana shan 7. A raba 10 da 7, ya ba da 1.43. Ma'ana, muddin litar dizal ba ta ɗara ta fetur da kashi 43 cikin ɗari ba, mai dizal ce ke da sauƙi a gidan mai. Da ta wuce nan, riba ta ƙare. Wannan lamba ita ce ya kamata mai kula da motocin kamfani ya rubuta a bangon ofishinsa.

Yanzu a ce fetur naira 1,000 ne, dizal 1,250. Kilomita 100 za ta ci naira 10,000 a mai fetur, 8,750 a mai dizal. Rarar naira 1,250. Manajan da ke zaune a Barnawa ko Malali, ofishinsa na kan titin Ahmadu Bello, yana leƙa Zariya jifa-jifa, idan zai je Abuja ma ya hau jirgin ƙasa a Rigasa, da wuya ya wuce kilomita 15,000 a shekara. Rararsa naira 187,500 ke nan. Wanda ke kula da shiyya, yau Kano gobe Abuja jibi Jos, zai iya yin 40,000, rararsa ta kai naira 500,000. Kuɗi ne, amma a riƙe waɗannan lambobi biyu, za mu dawo kansu.

Akwai fa'idar da ba ta kuɗi ba. Tanki mai lita 66 a motar da ke shan lita 6 a buɗaɗɗiyar hanya zai haura kilomita 1,000. Kaduna zuwa Kano kimanin kilomita 230 ne, wato a je a dawo sau biyu ba a tsaya gidan mai ba. Lokacin layin fetur kuma mai dizal ba ya kwana a layi.

Inda dizal na zamani ke shan wahala

Wannan shi ne ɓangaren da dillali ba ya faɗa. Motar dizal da aka ƙera domin Turai daga 2009 zuwa yau tana ɗauke da matatar hayaƙi da ake kira DPF a cikin salansa. Aikinta kama kunkunniya. Idan ta fara cika, bayan 'yan ɗaruruwan kilomitoci, kwamfutar motar kan ƙara fesa mai domin zafin salansa ya kai kusan digiri 600, kunkunniyar ta ƙone. Wannan ƙonawa tana son tafiyar minti 15 zuwa 20 ba tsayawa, da gudu mai ɗan dama.

To a kwatanta da rayuwar motar oga a Kaduna. Tafiyar da ba ta kai kilomita goma ba da safe, cunkoson gada da na Kasuwa, sannan direba ya yi awa biyu a bakin zauren taro inji na aiki a tsaye don a tarar da mota da sanyi. Duk wannan kunkunniya yake tarawa, kuma ba ya ba ta damar ƙonewa. Kwamfuta ta fara ƙonawa, a kashe mota a tsakiya, ta sake farawa gobe, a sake kashewa. Man da aka fesa bai ƙone ba yana gangarawa ta gefen fistan ya shiga baƙin mai. Alamarsa ita ce a zaro sandar awo a ga mai yana ƙaruwa maimakon raguwa, yana warin dizal. Baƙin man da ya tsinke haka yana cinye turbo da metal ɗin cikin inji. Daga nan sai fitila ta kama a dashbod, mota ta rage wa kanta ƙarfi ta ƙi wuce wani gudu. Bawul ɗin EGR, mai mayar da wani sashe na hayaƙi cikin inji, shi ma irin wannan tuƙi ne ke toshe shi.

Maganin da aka saba ji a gareji shi ne, "Yallaɓai, a huda ta kawai a cire." Cirewa ba tare da gyara manhajar kwamfuta ba tana barin mota cikin ruɗani, don na'urorin awon matsi suna nan suna neman abin da babu. Ko an yi da kyau, garanti ya tafi, hayaƙin da aka yi matatar dominsa ya koma huhun masu Keke da ke bayanka. Kuma motar ba ta ma'aikaci ba ce balle ya yanke wannan hukunci shi kaɗai.

Sai ingancin man kansa. Turai ta tsaida salfa, wato farar wuta, a kan kaso 10 cikin miliyan tun 2009, kuma a kan wannan aka ƙera injinan. Nijeriya ta yi shekaru tana halatta har kaso 3,000. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta fitar da sabon ma'auni na kaso 50 a 2017, ƙungiyar ECOWAS ma ta amince da 50 a 2020, amma aiwatarwa ta ja ƙafa. Masu bin labarai za su tuna cacar bakin Yulin 2024 tsakanin matatar Ɗangote da hukumar kula da harkar mai ta NMDPRA kan ko dizal ɗin wa ya fi salfa. An samu ci gaba, sai dai direban da ya tsaya a wani gidan mai a bakin hanya ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin rijiyar. Salfa mai yawa tana kashe sinadaran tace hayaƙi, tana hanzarta toshewar DPF, tana kuma sa baƙin mai ya yi tsami da wuri.

Abin da ya fi salfa saurin kisa shi ne ruwa da gauraye. Famfon injin dizal na zamani yana tura mai da matsin da ya kai 1,600 zuwa 2,500 a ma'aunin bar. Tayar mota bar biyu da ɗan kai take ɗauka, a ga tazarar. Kuma dizal ɗin da kansa ne ke shafe cikin famfon da santsi. Idan aka gauraya shi da kananzir, ko ruwa ya shiga, ƙarfe ya fara goga ƙarfe, garin ƙarfen ya bi bututu ya shiga kowane nozul. A lokacin ba famfo kaɗai za a canza ba: famfo, nozul duka, bututun rarrabawa, filta, sannan a sauke tanki a wanke. Gyara ɗaya irin wannan yana iya haɗiye rarar man shekaru. Haka in yaron gidan mai, wanda ya saba duk ƙaramar mota fetur take sha, ya ɗura fetur bisa kuskure. Idan hakan ta faru kada a ko murɗa makulli, domin famfon tanki na tashi tun kafin inji. A tura motar gefe a zuƙe.

Kamfanin da ke da tankin dizal na janareta yakan ga kamar ya huta, tunda yana saye da yawa. Gaskiya ne, da sharaɗi. Tankin da ya daɗe yana tara ruwa da laka a ƙasa, kuma abin da janareta zai haɗiye lafiya zai kwantar da E220d. Sai an sa filta mai raba ruwa a bakin famfon, ana kuma tsiyaye gindin tankin a kai a kai. Wani abu kuma da masu binciken kuɗi suka sani: dizal yana da kasuwa a kowace unguwa saboda janareta, don haka ya fi saurin yin ƙafa.

Na ƙarshe shi ne AdBlue, ruwan da motocin ƙa'idar Euro 6, daga wajen 2015, suke fesawa a salansa. Yuriya ce kashi 32.5 cikin ɗari a tataccen ruwa, kuma mota kan sha kamar lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kilomita 1,000. Idan ya ƙare, mota za ta yi gargaɗi, daga baya in aka kashe ta ba za ta sake tashi ba sai an zuba. Zafin da ya wuce digiri 30 yana rage masa kwana, don haka jarkar da ta yi wata da watanni a rana a gaban shago abin tuhuma ce. Kuma don Allah kada wani ya ce ai yuriya ce, ya jiƙa takin gona ya zuba. Ƙazantar da ke cikin taki tana toshe nozul ɗin ta lalata na'urar gaba ɗaya.

Duk wannan ba ya nufin dizal ba ta da wuri a nan. Kamfanoni irin su Toyota suna ƙera wasu samfura musamman domin ƙasashen da mansu bai kai na Turai ba, ba DPF ba AdBlue. Prado ko Land Cruiser mai dizal da aka saya sabuwa daga wakilin kamfani da garanti daban take da E220d da aka yi shekara biyar ana hawa a Jamus aka loda a jirgi. Suna ɗaya ne, dizal, amma ba dabba ɗaya ba ce. Hanya mafi sauƙi ta ganewa: a buɗe murfin tanki. In an ga ƙaramin murfi shuɗi kusa da na mai, AdBlue ne. Rashinsa ba hujja ba ce, don wasu a but yake, sai a ba wakili lambar shasi ya duba kasuwar da aka yi motar dominta.

Ita ma mai gudun tana da nata

Kada mai son fetur ya yi saurin tafi. A gidajen manmu fetur iri ɗaya ne, ƙarfin oktan ɗinsa, wato ma'aunin jure matsi ba tare da ya kama da kansa ba, yana wajen 90 zuwa 91. Yawancin motocin gudu na Turai masu turbo 95 suke so, wasu 98. A duba takardar da ke manne a cikin murfin tanki. Idan motar ta Amurka ce, ma'auninsu daban ne: 87 nasu ya yi daidai da kusan 91 namu, 91 nasu kuma kusan 95. Mota mai neman 87, kamar Camry mai silinda shida, ta dace da famfonmu. Mai neman fiye da haka za ta tashi ta yi tafiya, amma na'urar jin ƙwanƙwasa za ta riƙa ja da lokacin kunna wuta baya don kare fistan. Sakamakon shi ne ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, musamman da rana tsaka a bazara. Wato an biya kuɗin doki 258, ana hawan ƙasa da haka. Fetur ma ba ya tsira daga gurɓata, kowa ya tuna wanda aka shigo da shi da sinadarin metanol fiye da kima a Fabrairun 2022. Mai irin wannan mota ba shi da hulɗa da 'yan bumburutu.

Injin da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda yana tara baƙi a bayan bawul ɗin shigar iska, tunda mai ba ya wanke wurin. Alamarsa karkarwa da safe da jinkirin amsa totur, kuma maganin zubawa a tanki ba ya kai wa wurin, sai an kwance an kankare. Yana kuma son baƙin mai mai lambar API SP ko wanda kamfanin ya rubuta, ba na durom ba. Tazarar juye ta kilomita 15,000 ko fiye da ke cikin littafin Turai ba ta ƙurar hunturunmu ba ce. Tsakanin 5,000 da 7,500 ya fi aminci, ga fetur da dizal duka, filtar iska kuma a duba ta duk wata daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Amma abin da ya fi kai irin waɗannan motoci gareji ba inji ba ne, ƙafa ce. A karanta lambar taya. 225/40 R18 na nufin tsayin gefen tayar kashi 40 ne na milimita 225, wato milimita 90. 225/55 R17 tana da kusan 124. Ta Prado, 265/65 R17, tana da 172. Wannan roba ita ce ke tsakanin rami da rim. Manyan titunan cikin Kaduna sun samu gyara a 'yan shekarun nan, amma layin unguwa da damina, da hanyoyin ƙananan hukumomi, suna nan yadda aka san su. Rami ɗaya da gudu 80 ya isa ya kumbura gefen taya ya lanƙwasa rim, kuma kumburin gefe ba ya faci. Da yawan BMW ba su da safaya ma, tayoyin da ke tafiya ba iska suke zuwa da su, waɗanda ba kowane mai faci ke da injin cire su ba tare da ya ci bakin rim ba. Ga shi samfurin gudu ana sauke shi ƙasa da milimita 10 zuwa 15 a kan motar da dama tsayinta daga ƙasa bai wuce 140 ba. Tudun rage gudu na unguwa, wanda matasa suka zuba da siminti ba awo, shi zai fara gaisawa da kaskon mai. Ita ma ta alfarmar in ta zo da rim 19 ko shokozoba mai iska, ta shiga wannan layi.

Fa'ida ɗaya da fetur ke da ita a yanzu: ana iya mayar da ita mai amfani da iskar CNG, wadda gwamnatin tarayya ke turawa tun 2023. Sai dai tukunyar tana cin but, kuma injin turbo mai fesa kai tsaye ya fi wuyar juyawa fiye da inji na gargajiya.

Haraji da inshora, waɗanda ake mantawa

Dokar harajinmu ba ta tambayar hayaƙi. Idan kamfani ya ba ma'aikaci mota yana amfani da ita, ana ɗaukar kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da aka saye ta a matsayin ƙarin kuɗin shigarsa na shekara, a cire haraji a kai ta albashi, wanda a nan hukumar tara haraji ta jihar, KADIRS, ke karɓa. A ce mai fetur naira miliyan 60 ce, mai dizal miliyan 75. Ƙarin da za a rubuta wa ma'aikaci miliyan 3 ne a ta farko, miliyan 3.75 a ta biyu. In yana matakin harajin kashi 21, zai biya 630,000 ko 787,500. Bambancin naira 157,500 daga albashinsa, kusan duk rarar man mai zaman gari da muka lissafa.

Inshora ta fi haka ciwo. Tun Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ce cikakkiyar inshorar mota kada ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajarta. A misalinmu, tazarar miliyan 15 ta haifar da ƙarin naira 750,000 a shekarar farko. Ko mai yin kilomita 40,000 bai tara wannan a gidan mai ba.

Ranar sayarwa ma kasuwa tana da nata hukunci. Dillalan Kaduna sun san Toyota da Lexus da Honda masu fetur ba sa kwana. Ƙaramar mota ta Turai mai dizal kuwa sai an jira mai ita, kuma ya san shi kaɗai ne, don haka zai taya yadda ya ga dama.

To wacce?

Ga mai zaman gari, wanda bai kai kilomita 20,000 a shekara ba, mai dizal ta Turai ita ce mafi munin zaɓi cikin biyun, duk kyan kujerunta. Ya ɗauki fetur. In son samu ne ma ya sassauta kan maganar gudun: inji mai karɓar fetur ɗinmu, rim 17, taya mai kauri, da safaya cikakkiya. Camry ko Lexus ES mai silinda shida tana da ƙarfin da ya fi abin da titin Ali Akilu zai iya ɗauka, kayanta kuma suna Panteka.

Ga mai doguwar tafiya, kilomita 30,000 zuwa sama, dizal tana da hujja, in an cika sharuɗɗa uku: an yi motar domin kasuwarmu, akwai amintaccen wurin shan mai da ba a sauyawa, kuma kamfani ne ke ɗauke da gyara a rubuce. Irin wannan ma'aikaci galibi doguwar mota mai tsayi yake buƙata, ba ta alfarma mai jan ciki ba. A wasu hanyoyin jihar nan kuma, motar da ba ta jan ido ita ma wani nau'in kariya ce.

Kafin a sa hannu, mai kula da motoci ya je garejin da zai riƙa duba motar ya yi tambaya biyu. Shin suna da kwamfutar da ke karanta wannan samfurin, har ta iya tilasta ƙona DPF da rajistar sabon nozul? Kuma idan famfo ko turbo ya mutu yau, kwana nawa kafin wani ya iso, daga Legas ne ko sai daga waje? In amsar ta kai mako uku, a ƙara kuɗin hayar mota na mako uku a cikin lissafin.